Ƙarancin Faifai Iri Biyu Ne, Na Kaduna Shi Ne Mai Ciwo

A shekarar 1988 wani ƙaramin kamfanin kiɗa mai suna Sub Pop, a birnin Siyatil na Amurka, ya buga faifan farko na ƙungiyar Nirvana. Kwafi 1,000 aka yi, aka bi kowanne aka rubuta masa lamba da hannu. Ƙaramin faifai ne mai faɗin inci 7, wanda ke juyi 45 a minti ɗaya, waƙa guda a kowace fuska, samfurin da kamfanin RCA Victor ya fito da shi a 1949. A yau wanda ya mallaki ɗaya daga cikin dubun nan yana iya sayar da shi a kan dubban daloli. Haka masu wannan sha'awa ke farautar ƙananan fayafayan kiɗan jita na samarin bakin teku a Kalifoniya, irin na su Dick Dale a farkon shekarun 1960, waɗanda ƙananan kamfanoni suka riƙa bugawa kaɗan-kaɗan.

Sha'awar ta zama kasuwa mai ƙarfi. Shafin Discogs, wanda aka buɗe a shekarar 2000, ya zama dandalin da ake tantance kowane bugu da farashinsa. Tun 2008 ake ware rana guda a shekara don shagunan faifai, inda kamfanoni ke sakin bugu na musamman da suka taƙaita adadinsa da gangan. A 2022 kuma, karo na farko tun 1987, yawan fayafayan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, wajen miliyan 41 a kan miliyan 33.

Abin lura shi ne, wannan ƙaranci na wasa ne. Da a ce gobara za ta cinye duka kwafi dubun nan na Nirvana, waƙar ba za ta yi ko gezau ba, domin tana cikin rumbun kamfani, tana kan intanet, tana cikin wayar miliyoyin mutane. Mai tarawa yana sayen lamba ce da kwali da alfahari. A kudancin kogin Kaduna kuwa, a Unguwar Boro da Sabon Tasha da Kakuri, akwai wani ƙaranci na daban. A can faifan da ya rage yana iya zama shi ne na ƙarshe da ke ɗauke da wata murya. Idan ya fashe, muryar ta tafi ke nan. Wanda ya auna waɗannan ƙarancin biyu da mudu ɗaya ya zalunci na biyun, kuma abin takaici, da mudun farko ake auna shi a yau.

Yadda fayafayan suka shigo gidaje

Kudancin Kaduna gari ne da albashi ya gina. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo bayanta, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975, matatar mai kuma a 1980. Ma'aikata suka kwararo daga Zangon Kataf da Kagoro da Kafanchan, daga Filato da Binuwai, daga ƙasar Ibo da ta Yarbawa, suka haɗu da Gbagyi masu ƙasa da Hausawa 'yan kasuwa, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Da aka biya ƙarin albashin Udoji a 1975, tare da kuɗin baya a dunƙule, rediyo mai garmaho yana cikin kayan da ma'aikaci ke fara nema, kusa da keke da babur. Falo ba ya cika falo sai da wannan akwati mai ƙafa huɗu da jerin fayafayai a gefensa.

Abin da ke cikin jerin ya fi kowane jawabin ɗan siyasa bayyana ko su wane ne mutanen Kaduna. Kamfanin EMI ya buga wa Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos fayafayai, kuma ba Hausawa kaɗai ke sayensu ba. Kusa da su ga Rex Lawson da Osadebe, ga Jim Reeves, ga kiɗan Kongo, ga waƙoƙin coci. A cikin garin kansa Bala Miller ya kafa babbar ƙungiyar makaɗa, yana wasa a kulob ɗin Costain, yana waƙa da Hausa a kan kayan busa da jitar lantarki, daga baya ya yi shirin da ke ɗauke da sunansa a talabijin ta NTA. Samarin Najeriya na shekarun 1960 sun koyi kaɗa jita ne daga fayafayan The Shadows da The Beatles, kuma Arewa ba ta zauna a gefe ba. Ƙungiyar Elcados ta yi tashe a biranen Arewa, har da waƙar da ta raɗa wa sunan Hausa.

Sai abubuwa suka yi ta faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Kaset ya zo da arha da sauƙin kwafa, masu satar fasaha suka ci kasuwa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, manyan kamfanonin ƙetare suka tattara nasu ya nasu, EMI ya koma Ivory Music, PolyGram ya koma Premier. Allurar garmaho ta yi wuyar samu, masu gyara suka koma wata sana'a. Masaƙu suka mutu, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Mafi muni duka su ne rikice-rikicen 2000 da 2002, waɗanda suka raba garin gida biyu, Musulmi da yawa suka ƙaura arewacin kogi, Kiristoci da yawa suka gangaro kudu, unguwanni irin su Unguwar Boro da ke kan hanyar Kachia suka cika suka tumbatsa. Mai gudun tsira da rai yana ɗaukar 'ya'yansa da takardunsa. Ba ya ɗaukar kwalin faifai. Abin da wuta ta bari a ɓangarorin biyu, zafin rufin kwano ya lanƙwasa, damina ta jiƙa kwalayen, gara ta ci, yara suka yi wasan jifa da sauran.

Saboda haka duk faifan da ya kai yau a cikin wani sito ko ƙarƙashin gado ya tsallake siraɗi da yawa. Siraɗi na ƙarshe shi ne rasuwar mai shi. Ranar da magada suka zo share ɗakin tsoho, kayan da babu na'urar kunna su sukan tafi wurin 'yan gwangwan tare da mataccen fanka, a auna su da kuɗin da bai kai na kwanon masara ba.

Waɗanda suka san daraja

Yayin da ake wannan zubarwa, wasu can nesa sun farga. A 2001 kamfanin Strut na Ingila ya fitar da tarin kiɗan Legas na shekarun 1970. Soundway, shi ma na Ingila, ya biyo baya da jerin fayafayai, kuma a tarinsa na kiɗan rok na Najeriya da ya fito a 2008 akwai waƙar Elcados. Analog Africa na Jamus ya bi ƙasashen yammacin Afirka yana tono. A 2013 Luaka Bop na Amurka ya sake fito da William Onyeabor na Inugu, mutumin da ya daɗe da barin waƙa, sai ga shi ana yi masa bukukuwa a Landan da New York. A shekarar nan dai Sahel Sounds ya buga waƙoƙin finafinan Kano a faifan garmaho, ya kuma farfaɗo da kiɗan Mamman Sani na Nijar wanda aka ɗauka tun 1978. A 2016 mai bincike Uchenna Ikonne, tare da kamfanin Now-Again, ya fitar da tarihin kiɗan rok na Najeriya, littafi haɗe da faifai.

Kowane irin wannan bugu yana ɗaga farashin na asali. Faifan da aka yi watsi da shi a Najeriya yana iya kai ɗaruruwan daloli a Turai ko Japan. Daga nan sai sarƙar dillalai ta kafu: yaro mai bin gida-gida, dillalin gari, dillalin Legas, sai mai saye na ƙarshe da ke biya da kuɗin waje. Mai faifan na asali shi ne ke samun mafi ƙanƙantar rabo, domin shi kaɗai ne a cikin sarƙar bai san farashi ba.

Da an faɗi haka, sai a ji masu kishin baki sun tashi da zagin Bature, wai ya zo ya wawashe gado kamar yadda aka wawashe tagullar Bini a 1897. Kwatancin yana da daɗin faɗi, amma bai tsaya da ƙafafunsa ba. Tagullar Bini da bakin bindiga aka ɗauke ta daga fadar da ke girmama ta. Faifai kuwa daga bakin bola ake tsinto shi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da yawa daga waƙoƙin da matasan Najeriya ke ji yau a waya, ba don waɗancan baƙi ba da babu wanda zai sake jin su, kuma kamfanonin kirki a cikinsu suna neman mawaƙin ko iyalansa su ƙulla yarjejeniya.

Wannan ba ya wanke kasuwar tarawa daga laifinta. Laifinta yana cikin ginshiƙinta: daraja a wurinta ita ce ƙaranci. Mai tarawa na gaske yana murna idan ya ji kwafi uku suka rage a duniya, ya fi murna idan biyu ne. Faifan da ya shiga kabad ɗinsa yana iya shekara ashirin ba a ɗora masa allura ba, don kada ya karce farashi ya faɗi. Sannan kunnen kasuwar zaɓaɓɓe ne. Tana son abin da za a taka a gidan rawa a Balin: ganga mai nauyi, jita mai kururuwa. Kukuma da kalangu da kuntigi, da ƙungiyar mata masu waƙar zumunta a coci, da mawaƙin da ya buga faifai ɗaya da harshen Jju ko Tyap ko Gbagyi, ba su da mai nema. Dillali yakan zaɓi biyar daga kwali ya watsar da hamsin. Wato kasuwa tana ceton abin da baƙo ke so, ta bar abin da ɗan gida zai fi buƙata ya ruɓe.

Masu alhakin

Nan ne maganar ta dawo gida. Kaduna ba ƙauye ba ce da za ta ce ba ta san adana tarihi ba. Tana da reshen Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa tun shekarun 1950. Tana da Gidan Arewa tun 1970, da gidan kayan tarihi a kan titin Ali Akilu. Tana da gidan rediyon da ya fara watsa shiri a 1962, wanda manyan makaɗan Arewa suka bi ta ɗakin ɗaukar maganarsa, wanda kuma shirinsa na Zaɓi Sonka ya yi shekaru yana juya fayafayai. Tana da jami'ar jiha, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tafiyar sa'a guda. Duk da haka a tambayi kowane ɗalibin aikin jarida ko na tarihi: ina ne zai shiga, ya duba kundi, ya cika takarda, a kunna masa Bala Miller? Ina jerin sunayen abin da gidan rediyo ya mallaka, wanda ɗan ƙasa zai iya dubawa? Takardar da Razdan ya rubuta a kan harajin shanu tana da lamba da fayil. Muryar da dubban ma'aikatan masaƙa suka yi rawa da ita ranar albashi ba ta da ko ɗaya.

Faransa ta kafa ma'adanar sauti ta ƙasa a 1938. Ingila ta fara tata a 1955, daga baya ta shiga ƙarƙashin babban ɗakin karatun ƙasar. Idan an ce waɗannan masu kuɗi ne, to a duba maƙwabta. A Cape Coast ta Gana, Kwame Sarpong ya buɗe gidan adana fayafayan garmaho a 1994, da tarin da ya faro daga hannun mutum ɗaya. A Gini, mai bincike Graeme Counsel ya yi aiki da gidan rediyon ƙasar, da tallafin shirin ceton ma'adanai na ɗakin karatun Birtaniya, suka kwafe waƙoƙi sama da 9,000, aka bar wa Konakiri nata kwafin. Wannan shiri yana nan tun 2004, kuma ƙofarsa a buɗe take ga cibiyoyin Najeriya.

Doka ma ba ta zama hujjar zama ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare sautin da aka ɗauka na tsawon shekara 50, ita kuma waƙar kanta shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sannan ta bai wa ɗakunan karatu da ma'adanai damar yin kwafi don adanawa. Abin da ya rage shi ne niyya.

A yi wa masana adalci: makaɗan gargajiya sun sami masu yi musu hidima. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihin makaɗa da mawaƙa da dama, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da babban littafi a kan Shata a 2006. Kiɗan ƙungiya na birane shi ne ya faɗa tsakanin kujeru biyu. Masu nazarin Hausa suna ganinsa kiɗan baƙi, masu rubuta tarihin kiɗan Najeriya daga Legas suna ganin Arewa ba ta da komai sai kalangu. Rabuwar garin ta ƙara wa ciwon gishiri: na arewacin kogi ya ce wancan kayan 'yan kudu ne, na kudu ya ce wannan kayan Hausawa ne. Alhali kwalin faifan tsohon ma'aikaci, inda Shata ke jingine da Rex Lawson, shaida ce da ba ta ƙarya cewa an taɓa zama tare. Matashin da aka haifa bayan 2000, wanda bai taɓa sanin Kaduna ɗaya ba, yana da haƙƙin ya ji wannan shaida da kunnensa.

Uzurorin da aka saba

Na farko shi ne, ai komai yana YouTube. Abin da ke can shi ne abin da wani ya ga dama ya ɗora, sau da yawa daga kaset da aka kwafa daga kaset, babu shekara, babu sunan makaɗa, babu kamfani. Ranar da aka rufe shafin mai ɗorawa, shi ke nan. Faifai kuwa yana zuwa da takardar shaidarsa: tambarin kamfani, lambar bugu, sunayen waɗanda suka kaɗa, hoton kwali, wani lokaci har da hatimin shagon da ya sayar. Da waɗannan ake gina tarihi.

Na biyu, wai mai jin yunwa ba ya tunanin tsohon faifai. Gaskiya ne gwauruwar da aka riƙe wa mijinta haƙƙinsa na masaƙa tana da ikon sayar da duk abin da ta mallaka, kuma babu mai bakin hana ta. Amma yunwa hujja ce ta a sanar da ita farashi, don kada a karɓe mata abin dala ɗari a kan kuɗin cefanen yini. Jahilcin daraja shi ke cutar da talaka a wannan ciniki.

Na uku, wai a hana fitar da faifai daga ƙasa. Hani ba tare da ma'adana ba hukuncin kisa ne ga faifan, domin zai zauna a sito har zafi ya gama da shi, ko kuma a fitar da shi ta bayan fage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A gyara bangon.

Na huɗu yana fitowa daga masu ƙyamar kiɗa don addini, kuma ra'ayinsu abin girmamawa ne. Sai dai adanawa daban, rawa daban. A cikin waƙoƙin nan akwai sunayen sarakuna da attajirai, da labarin yaƙin basasa, da sauyin kuɗi zuwa naira a 1973, da komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, da kalmomin Hausa da suka fara ɓacewa daga bakin mutane. Mai nazarin harshe da mai tarihi suna buƙatarsu ko da ba su taɓa gyaɗa kai ga kiɗa ba.

Abin yi

Aikin bai kai girman uzurorin ba. Na'urar juya faifai mai kyau, allura, ƙaramin akwatin da ke mayar da sauti cikin kwamfuta, na'urar ɗaukar hoton kwali, da ɗaki mai sanyi: duka ba su kai kuɗin motar jami'i ɗaya ba. Sashen koyar da aikin jarida na kowace babbar makaranta a Kaduna zai iya ɗaukar wannan a matsayin aikin ɗalibai. Ƙa'ida ɗaya ta isa ta riƙe shi: a kwafa kafin a sayar. Mai faifai ya kawo, a wanke, a kwafa, a rubuta sunan gidan da ya fito da labarin yadda aka saye shi, a mayar masa da kayansa tare da kwafi a waya da bayanin abin da yake kaiwa a kasuwa. In ya so ya sayar wa na Tokyo, Allah ya sa albarka. Muryar dai ta zauna a gida, kuma a ajiye ta a wuri fiye da ɗaya, ɗaya a kudancin kogi, ɗaya a arewa. Ruwan da ya shiga ma'adanar John Collins a Akara a 2011 ya isa darasi a kan haɗarin ajiya a ɗaki guda.

Coci-coci da masallatai da ƙungiyoyin ci gaban ƙabilu, waɗanda suka iya tara jama'a a Sabon Tasha cikin yini ɗaya, za su iya sanar da ranar kawo faifai. Gidan rediyo ya fitar da jerin abin da yake da shi, ya ware sa'a guda a mako yana kunna abin da aka ceto, yana neman masu sauraro su faɗi wanda ya kaɗa jita da wanda ya busa ƙaho. Kamfanin waje da ke son sake bugawa ya zo ta ƙofa, ya biya iyalan mawaƙi, ya bar kwafi mai inganci da bayani da Hausa. Magidanci kuma, kafin komai, ya fitar da fayafayan daga ƙarƙashin kwano, ya jera su a tsaye a inuwa, kada ya kwantar da su ɗaya kan ɗaya, kada ya yar da kwalin ko da ya yage.

Lokaci ne ba ya jira. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Bala Miller a 2003, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Saurayin da ya karɓi kuɗin Udoji yana ɗan shekara 25 ya haura 70 yanzu. Shi ne zai iya duba hoton kwali ya ce wannan mai ganga a Kakuri yake zaune, wancan mai jita ɗan Kagoro ne. Faifai idan an kula da shi yana iya kai shekara ɗari. Mutumin da ya san labarinsa ba zai kai ba. A fara da tsofaffin da ke raye, a bi su gida-gida da na'ura da littafin rubutu, tun kafin 'yan gwangwan su riga zuwa.